Masu Wankin Ƙoda: A Lura Da Ruwan Jiki, A Yi Tattalin Ɗan Fitsarin Da Ya Rage

A al'adarmu ta Hausawa, ko a Kano mutum yake ko a nan New Bell, ruwa shi ne abin da ake fara tarbar baƙo da shi. Haka nan idan aka je gaida marar lafiya, da wuya a tashi ba a sami wanda ya ce masa a dai riƙa shan ruwa da yawa ba, wai yana wanke ciki. Shawara ce mai kyau ga yawancin mutane, balle a gari mai gumi irin Duwala. To amma akwai wasu 'yan'uwanmu waɗanda wannan shawara za ta iya kai su gadon asibiti cikin dare ɗaya, ko ma abin da ya fi haka. Su ne waɗanda ƙodarsu ta gaza har aka ɗora su a kan na'urar wankin ƙoda, watau abin da ake kira diyaliz a asibitocinmu.

A wannan wata za mu duba abubuwa biyu waɗanda lafiyar mai wankin ƙoda ta rataya a kansu. Na farko shi ne yadda ake gane yawan ruwan da ya taru a jikinsa. Na biyu kuwa shi ne yadda zai yi tattalin ɗan ƙarfin da ya rage wa ƙodarsa, domin yawancin waɗanda suka fara wanki suna farawa ne da sauran fitsari. Bayanin ya shafi marar lafiya, ya shafi mai dafa masa abinci, ya kuma shafi mu masu zuwa dubiya.

AIKIN ƘODA DA AIKIN NA'URA

Allah ya halicci ɗan Adam da ƙoda biyu, kowace kimanin girman dunƙulen hannunsa, a cikin kowace kuma akwai 'yan mitsi-mitsin matatai wajen miliyan ɗaya. A kwana guda suna tace ruwan jini kimanin lita 180, su mayar da kusan dukkansa cikin jiki, sa'an nan su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari, tare da dattin jini da gishirin da ya yi yawa. Ba dare ba rana suke wannan aiki, watau awa 168 a kowane mako.

Idan ƙoda ta gaza sai na'ura ta karɓi aikin. Jini yakan fita ta roba, ya bi ta cikin matata, a cire masa datti da ruwan da ya taru, ya koma jiki. A Turai da Amurka sau uku ake yi a mako. A nan Kamaru galibi sau biyu ne, awa huɗu kowane zama. Ke nan aikin da ƙoda take yi cikin awa 168, shi ake so na'ura ta yi cikin awa 8. Sauran awa 160 ɗin kuwa, duk abin da mutum ya sha yana nan a jikinsa, in ban da wanda ya fita ta gumi, da numfashi, da ɗan fitsarin da ya rage.

An fara wankin ƙoda a Babban Asibitin Duwala a shekarar 1990. Daga 2002 gwamnati ta ɗauke mafi yawan kuɗin, marar lafiya ya koma biyan sefa 5,000 a kowane zama, wanda ya kama sefa 520,000 a shekara. A watan Afrilu na 2023 aka ƙaddamar da shirin kiwon lafiya na kowa da kowa, wanda ake kira CSU, a Mandjou kusa da Bertoua, aka mayar da kuɗin wankin sefa 15,000 a shekara. An sami sauƙi ƙwarai, ko da yake ɗawainiyar mota da abinci da wasu magunguna tana nan a wuyan iyali. Ban da Duwala da Yawunde, akwai cibiyoyin wanki a manyan garuruwa irin su Garwa, Marwa, Ngaundere, Bamenda da Buea.

Farfesa Marie Patrice Halle da abokan aikinta na Babban Asibitin Duwala sun wallafa wani bincike a 2015 a kan mutum 863 da aka ɗora a kan na'ura daga 2002 zuwa 2012. Matsakaicin shekarunsu 47 ne, kuma biyu cikin uku maza ne. Hawan jini ne ya fi kowace cuta kai su ga wannan hali, sai ciwon sukari da kumburin matatan ƙoda. Yawancinsu ba su zo ba sai da abu ya ɓaci, aka fara musu wanki cikin gaggawa ta robar da ake sa wa a babbar jijiya. Mai karatu zai lura cewa waɗannan magidanta ne masu ciyar da iyali, irin waɗanda muke gani kullum a rumfunan kasuwar Mboppi da kasuwar Kongo.

BUSASSHEN NAUYI

Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Wannan shi ya sa sikeli ya zama babban abokin mai wankin ƙoda. Ana auna shi kafin ya hau na'ura, ana kuma auna shi bayan ya sauka. Likita yakan tsayar masa da wani nauyi da ake so ya sauka a kai, wanda ake kira poids sec da Faransanci, watau busasshen nauyi. Shi ne nauyin mutum lokacin da babu rarar ruwa a jikinsa, kuma ba a tsane shi fiye da kima ba. Idan busasshen nauyinsa kilo 60 ne ya zo da kilo 63, to lita uku za a saita na'ura ta cire.

Babu wani awo guda ɗaya da ke nuna busasshen nauyi kai tsaye. Likita yana haɗa alamu ne. Zai duba awon jini kafin wanki da bayansa. Zai danna ƙwauri da idon sawu ya ga ko yatsa zai bar rami. Zai dubi jijiyoyin wuya ko sun cika, ya saurari huhu, wani lokaci ya sa a ɗauki hoton ƙirji. Sa'an nan zai yi tambaya: da matashi nawa kake kwana, kana farkawa cikin dare da sarƙewar numfashi, yaya kake ji idan ka koma gida bayan wanki? Amsar marar lafiya a nan tana da nauyi daidai da abin da na'urori suka nuna. Ya kamata kuma a sani cewa mutum zai iya ɗauke da lita biyu ko uku ta rarar ruwa ƙafarsa ba ta kumbura ba, saboda haka rashin kumburi ba shaida ba ce ta cewa komai lafiya.

Idan ruwa ya yi yawa, jini yakan hau, zuciya ta riƙa aiki fiye da ƙarfinta har ta buɗe, ruwa ya shiga huhu. Ciwon zuciya na cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wankin ƙoda a ko'ina cikin duniya, kuma rarar ruwa ta shekara da shekaru tana daga cikin musabbabansa. Idan kuma aka tsane mutum da yawa ko da sauri, sai jini ya faɗi yana kan na'ura: jiri, hamma, amai, ɗaurewar naman ƙafa, dushewar murya, har da suma. Ya koma gida ya wuni a kwance kamar wanda aka yi wa duka. Duk lokacin da jini ya faɗi haka, ƙoda takan rasa jinin da take buƙata, sai ɗan ƙarfin da ya rage mata ya ƙara raguwa. Haka zuciya da ƙwaƙwalwa suke wahala, kuma jijiyar hannun da aka haɗa don wanki tana iya toshewa.

Akwai iyaka ga saurin da jiki zai iya jure cire ruwa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2011 ya nuna cewa haɗarin mutuwa yana ƙaruwa idan ana cire fiye da mililita 13 a kowane kilo na nauyin jiki cikin awa ɗaya. Ga mai kilo 60, wannan ya kama mililita 780 a awa, watau lita uku da ɗan ɗoriya cikin awa huɗu. To a ɗauka mutumin nan yana wanki Litinin da Alhamis. Daga Alhamis zuwa Litinin kwana huɗu ne. Idan ya zo da ƙarin kilo biyar, ma'aikacin jinya ya shiga tsaka mai wuya: ya cire duka jini ya faɗi, ko ya bar saura ya koma gida da ita ta haɗu da ta gaba. Gaba kura, baya sayaki. Maganin abin tun daga gida yake.

Wani abin lura shi ne busasshen nauyi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wanda ya yi jinya ya rame, in ba a rage masa lambar ba, ruwa ne zai cike gurbin naman da ya zube, sikeli ya nuna daidai alhali kuwa huhu na cika. Wanda kuma ya sami sauƙi ya fara cin abinci ya yi ƙiba, in ba a ƙara masa lambar ba, na'ura za ta riƙa jan ruwan da babu shi. Saboda haka duk wanda ya ga wandonsa ya yi masa yawa ko ya matse shi, ya gaya wa likita a sake duba lambar. Kuma a riƙa hawa sikeli da irin tufafi ɗaya. Babbar riga mai aiki, da takalmi, da waya da makullai a aljihu, za su iya ƙara wa mutum kilo guda, na'ura kuwa ba ta san shadda ba, ruwa za ta ɗauke ta.

ƊAN FITSARIN DA YA RAGE

Mutane da yawa sun ɗauka da zarar an fara wanki, zancen ƙoda ya ƙare. Wasu ma har murna suke yi idan fitsari ya ɗauke, wai sun huta. Wannan kuskure ne babba. Ƙodar da ta rage da ɗan ƙarfi tana aiki dare da rana, har a ranakun da mutum ba ya kan na'ura. Tana fitar da ruwa da gishiri, tana rage sinadarin fotasiyam wanda yawansa ke tsayar da zuciya, tana kuma fitar da wasu nau'o'in datti waɗanda na'ura ba ta iya kamawa sosai.

Mu koma ga mutuminmu mai kilo 60. Idan yana yin fitsari mililita 700 a kwana, cikin kwana huɗu ya fitar da lita biyu da mililita 800 da kansa. Maimakon ya zo da kilo biyar, sai ya zo da biyu da 'yan kai. Na'ura ta ja a hankali, jini bai faɗi ba, ƙoda ta tsira, ya sauka ya wuce kasuwa. Wanda fitsarinsa ya ɗauke kuwa, kowane kurɓi sai ya jira ranar wanki.

Bincike ya tabbatar da wannan. A 2001 likitocin Kanada da Amurka sun sake nazarin bayanan masu wanki ta ciki, watau ɗaya hanyar wankin da ake zuba ruwa a cikin tumbi, suka ga cewa kowane kofi ɗaya na fitsari a kwana, mililita 250, yana tafiya da raguwar haɗarin mutuwa da kashi 36 cikin 100. A 2010 wani binciken a Amurka a kan masu wanki da na'ura su 734 ya nuna cewa waɗanda suka cika shekara suna yin aƙalla kofi ɗaya a kwana sun fi tsawon rai, sun kuma fi jin daɗin rayuwa. Rai dai na hannun Allah, amma ga sababi a fili.

Mu a nan abin ya fi shafarmu. Ƙa'idojin da likitocin ƙoda na Amurka suka fitar a 2006 sun ce wanki sau biyu a mako ya dace ne da wanda ƙodarsa take da sauran ƙarfi. Tun da sau biyu shi ne abin da yawancinmu ke samu, ɗan fitsarin nan shi ne yake tsaya mana a madadin zama na uku.

Auna shi ba wuya. Da asuba a yi fitsarin farko a zubar. Daga nan a tara duk wanda ya biyo baya a cikin gora mai tsabta, har zuwa na asubahin gobe, a haɗa da shi. Babbar gorar Tangui lita ɗaya da rabi ce, saboda haka rabinta mililita 750 ke nan. A rubuta a ɗan littafi tare da kwanan wata, a maimaita kowane wata, a nuna wa likita. Da wannan lissafi ake tsayar da abin da mutum zai sha: yawan fitsarinsa na kwana ɗaya, a ƙara kimanin rabin lita. Likita yana iya ƙara kaɗan a watannin zafi, daga Disamba zuwa Maris, musamman ga mai aiki cikin rana.

KO SAI DA NA'URA MAI TSADA?

Akwai wata na'ura da ake amfani da ita a ƙasashen da suka ci gaba, wadda ake manna wayoyinta a hannu da ƙafa, ta tura ɗan lantarkin da ba a ji, ta ƙiyasta yawan ruwan jiki. An daɗe ana zaton ita ce za ta warware matsalar busasshen nauyi. Likitocin Birtaniya, a ƙarƙashin Farfesa Simon Davies na Jami'ar Keele, sun gwada ta a cibiyoyi 34 a kan mutum fiye da 400 waɗanda ba su daɗe da fara wanki ba kuma suna da sauran fitsari. Aka raba su kashi biyu. Dukkansu ana duba ruwan jikinsu a kai a kai bisa tsari ɗaya rubutacce, amma kashi ɗaya ne kawai ake amfani da sakamakon na'urar wajen tsayar musu da nauyi. Aka bi su har tsawon shekara biyu.

Da sakamakon wannan gwaji mai suna BISTRO ya fito a 2023, sai aka ga babu wani bambanci tsakanin ɓangarorin biyu. Abin da ya fi jan hankali shi ne a duka biyun ƙarfin ƙoda ya ragu a hankali fiye da yadda masu binciken suka zata. Darasin da ke ciki gare mu mai daɗi ne. Abin da ake buƙata shi ne a riƙa dubawa a kai a kai, a saurari marar lafiya, a guji tsane shi ƙasa da nauyinsa na gaskiya. Sikeli, da abin awon jini, da gora, da littafi, da likita mai tambaya, duk muna da su a Duwala.

GISHIRI NE TUSHEN ƘISHIRWA

Hana mai ƙishirwa shan ruwa aikin banza ne matuƙar ba a taɓa abin da ke kawo ƙishirwar ba. Kowane giram 8 na gishiri da ya zauna a jiki sai ya jawo kimanin lita ɗaya ta ruwa, kuma jiki ba zai bar mutum ya huta ba sai ya sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai lafiya kada ya kai giram 5 a kwana, watau ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba tozo, a haɗa da wanda ke ɓoye cikin abinci. A garin Tassin kusa da Lyon a Faransa, likitoci sun daɗe da nuna cewa da ƙarancin gishiri da wanki mai tsawo a hankali, awa takwas sau uku a mako, yawancin marasa lafiyarsu jininsu ya daidaita ba tare da ƙwayar hawan jini ba. Awa takwas ɗin ba mu da ita, amma gishirin yana hannunmu.

Inda gizo yake saƙa shi ne ɓoyayyen gishiri. Dunƙulen Maggi da ire-irensa kimanin rabinsa gishiri ne. Kanwa da ake jefawa a miyar kuɓewa da wake ita ma dangin gishiri ce. Sai yajin soya, da kilishi, da kifin gishiri, da sardin na gwangwani, da taliyar leda mai ɗan ƙunshin ɗanɗano, har da burodi. Mai rumfa a kasuwa wanda yake karyawa da burodi da sardin, ya ci abincin sayarwa da rana, ya tsaya wurin mai soya da yamma, ya ninka ƙa'idar tun kafin ya isa gida. Har ƙwayoyin magani da ake jefawa a ruwa su yi kumfa suna ɗauke da gishiri mai yawa.

Ga uwargida ko duk mai girki: a ɗebi rabon marar lafiya kafin a sa gishiri da dunƙule a tukunya. A ƙawata nasa da albasa, tafarnuwa, citta, masoro, attarugu, ɗan daddawa da 'yar matsar lemun tsami. Makonnin farko zai yi ƙorafi, amma harshe yakan saba. Kada kuma a sayi gishirin da ake tallatawa wai na masu hawan jini, domin da fotasiyam ake yin sa, kuma ga mai wankin ƙoda guba ne.

A lissafin ruwa kuma, duk abin da yake zuba ruwa ne: shayi, koko, kunu, fura, nono, romo, miya, zoɓo, lemun kwalba, har da kankana da abarba da lemu. Ruwan rubutu da na tofi da na Zamzam su ma suna cikin lissafi, sai a roƙi malam ya yi a ɗan kaɗan, albarka ba a yawa take ba. Dabara mai sauƙi ita ce a zuba rabon kwana a gora ɗaya tun da safe, duk abin da aka sha a waje a rage kwatankwacinsa daga ciki. A riƙa sha da ƙaramin kofin shayi. Idan baki ya bushe a kurkure kamar na alwala a tofar, ko a tsotsi ɗan gutsuren ƙanƙara, ko a yi asuwaki. Mai ciwon sukari ya kula da sukarinsa, domin hawansa ma yana kawo ƙishirwa.

Wanda fitsarinsa ya yi ƙasa sai ya ƙara lura da abinci mai fotasiyam: ayaba, agade, fiya, dabino, tumatirin gwangwani, ruwan kwakwa, dankali, doya da gwaza. Masu saiwa a fere su, a yanka ƙanana, a tafasa da ruwa mai yawa, a zubar da ruwan.

ABUBUWAN DA KE ƘARASA ƘODA

Na gaba-gaba su ne magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake sayarwa a kan tebur a bakin kasuwa, wani lokaci a ƙulle cikin leda ba suna, a ce maganin gajiya. Suna rage jinin da ke shiga ƙoda, kuma 'yan kwanaki sun isa su ɗauke fitsarin da aka yi shekara ana tattali. Parasitamol ya fi aminci, shi ma bisa ƙa'ida. Allurar gentamicin da danginta suna lalata ƙoda, haka ruwan da ake ɗura wa mutum a jijiya kafin wasu hotunan sikana. Duk inda mai wanki ya je neman magani, ko ciwon haƙori ne, ya faɗa da bakinsa cewa yana wanki kuma yana da sauran fitsari.

Sai jiƙe-jiƙe da sassaƙe. Ba raina magungunan iyaye da kakanni muke yi ba, amma ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da abin da mai lafiya zai fitar, kuma yawancinsu a cikin ruwa mai yawa ake shan su, wasu da jar kanwa. Duk wanda ya ce yana da maganin da zai sa a bar na'ura, a yi hattara da shi. Mayukan canza launin fata waɗanda ke ɗauke da sinadarin makuri su ma suna cutar ƙoda.

Gudawa, amai da zazzaɓi suna tsane mutum ba tare da na'ura ba. Wanda ya kwana yana gudawa ya sanar kafin a ɗora shi, don a rage abin da za a cire. A tambayi likita ko ya dace a sha ƙwayar hawan jini da safen ranar wanki ko a jinkirta ta. Wanda jininsa ke yawan faɗuwa ya bar cin abinci mai nauyi a kan na'ura, kuma ana iya ɗan sanyaya ruwan na'urar don taimaka masa. Akwai ƙwayar sa fitsari, Lasilix, wadda take taimakon mai sauran fitsari, amma likita ne zai tsayar da adadinta. Da zarar an ji jiri ko ƙafa ta fara ɗaurewa, a kira ma'aikacin jinya nan take. Kawaici a wannan wuri cuta ne.

Tsallake zama ko sauka kafin awa huɗu ta cika yana tara ruwan da za a ja da ƙarfi a zama na gaba. Mun san tafiya daga New Bell zuwa Babban Asibiti ta cikin cunkoson Ndokoti ba wasa ba ce, balle a Yuli da Agusta lokacin da ruwan sama ke cika hanyoyi, ko bensikin ba ya son fita. Sai a yi sammako. Mai niyyar tafiya arewa, fatauci ko biki, ya nemi takarda daga likitansa, ya tabbatar da gurbi a Ngaundere ko Garwa ko Marwa tun kafin ya hau jirgi.

Game da azumin Ramadan, shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, malamai kuma sun yi bayanin ramuwa da ciyarwa. Wanda yake so ya yi, ya zauna da likitansa da malaminsa tun cikin Sha'aban. Haɗarin yana wurare biyu: bushewa da rana wadda ke cutar ƙodar da ta rage, da kuma buɗe-baki, inda dabino da kunu da ruwan sanyi da soye-soye masu gishiri suke haɗuwa a zama ɗaya.

Akwai alamun da ba a jiran ranar wanki a kansu: kasa kwanciya saboda numfashi, tari mai kumfa, ciwon ƙirji, mutuwar ƙafafu ko hannuwa farat ɗaya, da bugun zuciya da ya yi sanyi ko ya rikice. Ko tsakar dare ne a nufi asibiti.

NAUYIN DA KE KANMU

A watan Nuwamba na 2021 aka yi dashen ƙoda a Babban Asibitin Yawunde, abin da ya buɗe wa masu wannan lalura ƙofar fata. Amma kafin dashe ya wadatu, yawancinsu a kan na'ura za su ci gaba da rayuwa, kuma wanda ya kiyaye zuciyarsa daga rarar ruwa shi ne zai iya cin moriyar dashen idan damarsa ta zo.

Saboda haka masu zuwa dubiya mu sake hali. A bar kai lemun kwalba da kilishi da ayaba, a kai kuɗin mota. A bar cewa ɗan kurɓi ba ya komai, domin mutum goma ne suke faɗa masa haka a wuni ɗaya. Ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa da kwamitocin masallatai za su iya saya wa kowane mai wanki a unguwa sikeli da abin awon jini, kuɗinsu bai kai na ragon suna ba. Sauranmu kuma da Allah ya bar mu da ƙodarmu, musamman masu hawan jini da ciwon sukari, mu riƙa zuwa awon jini da sukari da fitsari aƙalla sau ɗaya a shekara, ko a asibitin gundumar New Bell, ko na Baptist da ke Mboppi, ko Laquintinie. Ciwon ƙoda ba ya sallama, sai ya ci ƙarfin mutum kafin ya nuna kansa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, mu kuma ya ƙara mana lafiya mai amfani. Amin.